Idan aka canja shugaban ƙasa, me ke juyawa a dare ɗaya, me ke jiran majalisa?

Wani mai sarin kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, wanda kuma yakan shigo da kaya daga waje lokaci-lokaci, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, duk sanda aka yi sabuwar gwamnati sai lissafinmu ya wargaje. A 2015 an hana mu dala, a 2019 an rufe boda, a 2023 an cire tallafin mai an saki naira. Ga wani zaɓen yana tahowa. Shin shugaban ƙasa yana da ikon canja haraji da kuɗin fito da dokokin kasuwanci duk yadda ya ga dama ne? Kuma ni ɗan kasuwa, me ya kamata in sa wa ido?"

Alhaji, shekaruna da dama ina yi wa 'yan kasuwa lissafin haraji da na fito, kuma zan fara da gyara wani abu a tambayarka. Ka haɗa haraji da fito da dokokin hukumomi a buhu guda, alhali ba hanya ɗaya suke bi ba. Akwai abin da shugaba zai juya da jimla ɗaya a bakinsa. Akwai wanda sai ya naɗa mutum, mutumin ya sa hannu a takarda. Akwai kuma wanda sai an kai majalisa, an ja da gwamnoni, an kwashe watanni ko shekaru. Abin da ya fi ƙona aljihunka yawanci yana cikin kashi biyu na farko ne, amma surutun da ake yi a rediyo ya fi yawa a kan na uku.

Ranar 29 ga Mayu 2023, a filin Eagle Square, Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Ba a kai ƙudiri majalisa ba, ba a ma naɗa ministoci ba. Kafin kwana uku litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 540 a Kano, a watan Yuli kuma ta haura 600. Mutane da yawa suna ganin ƙarfin hali ne kawai na mutum ɗaya. Akwai ƙarfin halin, amma hanyar a share take tun kafin ya zo. Dokar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a Agusta 2021 ta riga ta ce kasuwa ce za ta riƙa yanke farashi. Kasafin kuɗin 2023 kuwa wata shida kacal ya ware wa tallafin, zuwa ƙarshen Yuni. A 2022 tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biyan bashi ya lashe wajen kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a shekarar. Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun faɗa a kamfe cewa za su cire shi. Da waninsa ne ya ci, da bambancin zai kasance a kan yaushe da yadda za a yi, ba a kan ko za a yi ba.

Wannan ne abu na farko da nake so ka riƙe: sabon shugaba ba ya gādon farar takarda, asusu yake gāda. Kafin ka saurari abin da ɗan takara ke alkawari, duba abin da ke cikin baitulmali da bashin da ke kansa.

Ka kuma lura da wani abin mamaki. A 2023 jam'iyya ba ta canja ba, APC ce ta miƙa wa APC. Duk da haka an juya akalar tattalin arziki fiye da yadda aka juya ta a 2015 da mulki ya tashi daga PDP. Haka ma a 2007. Obasanjo, ana saura kwanaki ya sauka, ya ninka harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan sayen kaya, daga kashi 5 zuwa 10, ya ƙara kuɗin mai, aka kuma sayar da matatun Fatakwal da Kaduna. 'Yar'aduwa, ɗan jam'iyyarsa da shi ya tsayar, ya zo ya tarar da yajin aikin ƙwadago, ya mayar da VAT kashi 5, cinikin matatun ma ya rushe. Don haka tutar jam'iyya a Najeriya ba ta gaya maka komai game da farashin kwantenarka. Tunanin shugaban da mutum huɗu ko biyar da zai naɗa su ne maganar.

Mu zo kan dala, don nan ne gizo ke saƙar. A watan Yuni 2015, wata guda da hawan Buhari, Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya fitar da takarda mai jerin kaya 41 da ba za a ƙara ba su dala a farashin gwamnati ba. Shinkafa na ciki, da tumatirin gwangwani, da yadi, da siminti, har da tsinken sakace. Daga baya jerin ya kai 43. Ba a haramta shigo da kayan ba, ka gane, an dai ce je ka nemi dalarka a wani wuri. Wannan wani wurin shi ne Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, da makamantanta. Takarda ce ta banki, ba doka ba, amma ta yi shekara takwas tana tsara wanda zai ci riba da wanda zai rufe shago. A cikin waɗannan shekaru tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na bayan fage ta zama sana'a mai zaman kanta: wanda ya samu dala a 460 ya sayar a 750 bai buƙatar shigo da ko allura.

Sai aka canja shugaba. Ranar 9 ga Yuni 2023 aka dakatar da Emefiele. Ranar 14 ga wata aka haɗe kasuwannin canji aka saki naira. A Oktoba, bayan Olayemi Cardoso ya karɓi bankin, aka soke jerin kaya 43 ɗin. Takarda ta kafa, takarda ta rushe. A dokar Babban Banki ta 2007, ba a tsige gwamnan banki sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Amma shugabanni sun gano ƙofar baya, wato dakatarwa. Jonathan ya yi wa Sanusi Lamiɗo Sanusi a Fabrairu 2014, Tinubu ya yi wa Emefiele. 'Yancin Babban Banki a rubuce yake, sai dai kada ka ɗora jarinka a kansa.

Bari in nuna maka yadda wannan ke shiga kuɗin fito ba tare da an taɓa dokar fito ba. Wani abokin hulɗata ya yi odar kaya na dala 20,000, kayan da fitonsu kashi 20 ne, wato dala 4,000. Lokacin da ya yi lissafi a farkon 2023, kwastam na auna dala a kan naira 422 da 'yan kwabbai, fiton ya kama kimanin naira miliyan 1 da dubu 700. Zuwa Yuli farashin da kwastam ke amfani da shi ya haura 770. A farkon 2024 ya wuce 1,500. Ya zo ofishina da takardar da ejan ɗinsa ya turo masa a waya, yana juya wayar a hannu kamar mai zafi, ya ce, "Malam, duba min, ko yaron nan cuta ta yake so ya yi." Na ɗauko kalkuleta muka buga tare. Irin wannan kayan, irin wannan kashi 20 ɗin, yanzu naira miliyan 6 ne, kafin a ɗora VAT da sauran ƙananan caji waɗanda su ma da dala ake auna su. Ejan bai cuce shi ba. Majalisa ba ta ƙara ko sisi a kan fito ba. Amma abin da zai biya ya ninka fiye da sau uku. Idan aka tambaye ni harajin da ya fi girma da aka ɗora wa mai shigo da kaya a wannan zamani, wannan zan nuna, kuma ba shi da suna a kowace doka.

Shi kansa kason fiton, shugaba ba shi da cikakken sakewa a kai. Najeriya tana bin jadawalin bai ɗaya na ECOWAS tun 2015, mai mataki biyar: sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Amma doka ta ba shugaban ƙasa damar ɗora ƙarin caji a kan wasu kaya, ko ya yafe, ko ya saka kaya a jerin haramtattu, kuma ministan kuɗi kan fitar da takardar matakan shekara da ke ɗauke da waɗannan canje-canje. Ta wannan ƙofar gwamnatin Jonathan ta ɗora wa motocin da ake shigowa da su fito 35 da ƙarin caji 35 a manufar motoci ta 2013. Ta nan aka hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, aka hana motoci daga Janairu 2017. Ta nan kuma Tinubu ya yafe fiton masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba da wake na kwana 150 a 2024.

Maganar shinkafa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi nuna yadda gwamnatoci biyu na jam'iyya ɗaya suka kalli abu ɗaya ta fuska biyu. Buhari ya yi imani da cewa mu noma abin da za mu ci. A Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi. A Agusta 2019 ya rufe iyakokin ƙasa, wata ɗaya kacal bayan ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Yamai, abin da har yau nake mamakinsa. Daga baya aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutumin Jibiya da na Illela da na Maigatari sun san abin da wannan ya yi musu. Garuruwan da rayuwarsu ke rataye da Maraɗi da Ƙonni da Damagaram suka wayi gari ana ɗaukar ɗan ƙullin shinkafar da aka sayo wa iyali a matsayin fasa-ƙwauri. Ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020, inda aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilu 2022. Dattawa za su tuna ba wannan ne karon farko ba: a 1984 ma Buhari na soja ya canja launin kuɗi ya rufe iyaka, ba a buɗe ba sai 1986 zamanin Babangida.

Ban ce manufar ba ta haifar da komai ba. Injinan casar shinkafa sun yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, noman rani ya bunƙasa, mutane da yawa sun samu abin yi. Amma farashi bai sauko ba, bashin manoman da yawa bai dawo ba, kuma shinkafar Kwatano ba ta daina shigowa ba, hanyarta ce kawai ta yi tsada, masu shinge suka samu rabonsu. Da sabuwar gwamnati ta zo ta tarar da tsadar abinci ta kai mutane bango, har aka yi zanga-zangar Agusta 2024, sai ta sassauta ƙofar shigo da hatsi, Babban Banki kuma ya janye daga rabon bashin noma. A 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi. Mai saye a birni ya ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada ya koma yana kuka, mai injin da ya ci bashin banki ya gina masana'anta bisa zaton kariyar za ta dore ya rasa inda zai sa kansa. A ganina kuskuren ba na rufewa ko buɗewa ba ne kaɗai. Kuskuren shi ne an gina masana'anta ta shekara ashirin a kan takardar da ranta bai wuce wa'adin wanda ya sa mata hannu ba.

Yanzu haraji na ainihi, wanda ka fi jin tsoro. A nan shugaba ba ya motsi shi kaɗai. Harajin kamfanoni da na albashi da VAT duk dokoki ne, sai majalisa ta taɓa su. VAT ya fara aiki a Janairu 1994 a kan kashi 5, kuma in ka cire ɗan tsallen 2007 da bai yi wata biyu ba, bai motsa ba sai Fabrairu 2020 da ya koma 7.5. Shekara 26 ke nan, gwamnatoci sun zo sun tafi, soja da farar hula, yana nan a kashi 5. Dokar man fetur da na ambata an fara kai ƙudirinta majalisa a 2008, ta ga bayan 'Yar'aduwa da Jonathan kafin ta fito a 2021.

Gyaran harajin Tinubu shi ne misali mafi kusa. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin Taiwo Oyedele tun 2023. An kai ƙudirori huɗu majalisa a farkon Oktoba 2024. A cikinsu akwai shirin ɗaga VAT mataki-mataki daga 7.5 zuwa 10, zuwa 12.5, har 15 a 2030, da kuma raba kashi 60 na rabon jihohi bisa inda harajin ya fito. Kafin wata ya ƙare gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ce ba su yarda ba. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda mataimakin shugaban ƙasa ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye ƙudirorin. Gwamna Zulum na Borno ya fito ya yi magana da kakkausar murya, malamai suka tayar da batun gādo a mumbari bisa fargabar za a ɗora masa haraji. Wannan shi ne shugaban da ya cire tallafin mai da jimla ɗaya, ga shi ya kwashe kusan wata tara yana ciniki.

Dalilin rigimar a fili yake ga wanda ya san yadda ake karɓar VAT. Kamfanin sadarwa ko banki ko kamfanin siminti yana biyan VAT ɗinsa daga hedkwata, hedkwatar kuma galibi tana Legas. Katin wayar da aka saya a Gusau, a takarda kamar a Legas aka saye shi. Idan aka ce a raba bisa inda kuɗin ya fito ba tare da an gyara ma'anar "inda ya fito" ba, jihohi da yawa za su tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Masu ƙudirin sun ce ai sun gyara, inda aka yi amfani da kaya za a duba. Gwamnonin suka ce wa ke da alƙaluman da za a auna hakan? Tambaya ce mai kyau, har yanzu ma. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: abin da Arewa ta fi samarwa, hatsi da dabbobi da kayan gwari, ba a ɗora masa VAT, don haka ba ya bayyana a wannan ma'auni ko kaɗan. A ƙarshe aka daidaita a kan kashi 50 daidai wa daida, 30 bisa inda aka ci kayan, 20 bisa yawan jama'a. VAT ya tsaya a 7.5. Rabon tarayya ya sauka daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya hau 55, ƙananan hukumomi na nan a 35. Aka sa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, aikin sabuwar dokar harajin ya fara 1 ga Janairu 2026. Hukumar harajin tarayya, FIRS, ta koma NRS. Mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara ba ya biyan harajin kuɗin shiga, mafi girman mataki kuma ya kai kashi 25.

To, idan wani ya hau a zaɓe mai zuwa, zai soke waɗannan dokoki? Ban zata ba. Harajin da ya zauna, aka horar da ma'aikata a kansa, gwamnoni suka saba da rabonsa, da wuya a tumɓuke shi. Ka tuna kuɗin da ake rabawa a asusun tarayya duk wata ya haura naira tiriliyan 2 a wasu watannin 2025, alhali kafin a cire tallafi bai kai rabin haka ba. Wane gwamna ne, na kowace jam'iyya, zai goyi bayan a koma baya? Abin da sabon shugaba kan yi shi ne ya zaɓi harajin da ya fi baƙin jini kuma bai kawo kuɗi sosai ba, ya soke shi a yi tafi. A Gana haka John Mahama ya yi. Harajin tura kuɗi ta waya da gwamnatin Akufo-Addo ta kawo a 2022 ya zama abin tsana, Mahama ya yi alkawarin soke shi, ya hau a Janairu 2025 da rinjaye a majalisa, zuwa Afrilu ya tafi tare da harajin caca. Amma VAT na Gana yana nan, shirin bashin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, ma bai fasa ba. Mu ma a nan muna da tarihin irin wannan: a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Abin ya girgiza siyasa ƙwarai, domin wulaƙancin da ke tattare da karɓar harajin ya fi kuɗin ciwo, kuma a lokacin kuɗin fetur na shigowa, jihohi za su iya rayuwa ba tare da shi ba.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata ka sani, ta masu barin gado. A watanninsa na ƙarshe Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kwastam, ya amince da ƙarin haraji a kan wasu kaya, dokar kuɗi ta 2023 kuma ya sa mata hannu ana gobe zai sauka. A Yuli 2023 Tinubu ya fitar da umarni huɗu, ya ɗage ranar fara aikin dokar kuɗin, ya dakatar da harajin kashi 5 na kiran waya da na robar da ake yarwa. Amma cajin kashi 4 na darajar kayan shigowa da ke cikin dokar kwastam ya kwanta shiru har Fabrairu 2025, sannan ya farka, aka yi ihu aka dakatar, ya sake dawowa, aka sake dakatarwa a Satumba. Shi ya sa nake ce wa abokan hulɗata su bambance "an soke" da "an dakatar". Abin da aka dakatar yana raye, barci kawai yake. Haka aka dakatar da cajin tsaron intanet na kashi 0.5 a kan tura kuɗi a Mayu 2024, da harajin ɗaukar ma'aikata baƙi da bai yi wata guda ba aka dakatar da shi. Gwamnatin Tinubu tana da halin jefa dutse ta saurari ƙara, in ihun ya yi yawa ta ja da baya. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke da baki ɗaya tana iya juya irin wannan, kuma an gani.

Hukumomin sa ido ba zan daɗe a kansu ba, don ƙa'idar ɗaya ce: dokarsu ba ta cika canjawa ba, shugabanninsu ne ke canjawa, da su kuma zafin aiki ke hawa ko sauka. Hukumar lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilu 2024, mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ya ji a jikinsa. Babban Banki ya soke lasisin 'yan canji sama da 4,000 a Maris 2024, sannan ya ce mai babban lasisi ya ajiye jarin naira biliyan 2, mai ƙarami miliyan 500. Kuɗin ruwa na Babban Banki ya tashi daga 18.75 zuwa 27.5 cikin shekarar 2024, wanda ke nufin mai juya jarin banki yana biyan sama da kashi 30. Duk babu wanda ya bi ta majalisa.

Tunda kayanka na tsallaka iyaka, kada ka tsaya kallon Abuja kaɗai. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai. Cikin kwanaki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar. Motocin albasa suka yi jerin gwano a bakin iyaka har kayan suka ruɓe. Ba a buɗe ba sai Maris 2024. Iyakar Nijar da Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kayan da suka saba bin Kwatano zuwa Maraɗi suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina, abin da 'yan kasuwar hatsi ta Dawanau suka ji. A Janairu 2025 ƙasashen uku suka fice daga ECOWAS, daga baya suka ɗora cajin kashi 0.5 a kan kayan da ke shigo musu daga waje. Inda babu majalisa, duk abin da na ce yana ɗaukar lokaci ba ya ɗauka. Sanarwa ɗaya a talabijin da dare ta wadatar.

Akwai kuma abin da ba shugaban da ya taɓa canja maka shi. Motar da ta ɗauko kaya daga Kano zuwa Fatakwal tana biyan kuɗi a shinge bayan shinge: na ƙaramar hukuma, na jiha, na ƙungiya, na wanda ba ka ma san ko wane ne ba sai sandar da ke hannunsa. Tun a 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Kowace sabuwar gwamnati tana alkawarin kawo ƙarshen haraji barkatai, sabbin dokokin ma sun yi wannan alkawari. Amma kuɗin rumfa da na sauke kaya da na alamar shago a hannun gwamna da ciyaman suke. Ga ɗan kasuwar da bai taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba, zaɓen gwamna ya fi shafar harajinsa.

Game da abin da za ka sa wa ido, ni ga yadda nake yi. Ba na ɓata lokaci a kan littafin alkawuran jam'iyya. Ina jiran sunaye: ministan kuɗi, gwamnan Babban Banki, shugaban kwastam, shugaban hukumar haraji. Ina duba abin da kowannensu ya faɗa ko ya rubuta shekara biyar baya, lokacin da ba ya neman komai. Mutumin da ya yi imani da kare masana'antun gida zai kawo maka jerin haramtattun kaya, wanda ya yi imani da kasuwa zai sake maka farashi. Ina kuma kallon tazarar dalar banki da ta Wapa. In ta fara buɗewa sosai ana dab da zaɓe, to ana danne naira ne don ƙuri'a, kuma wanda ya hau zai sake ta.

Kai kuma, tsakanin ranar zaɓe da wata uku bayan rantsuwa, kada ka ci bashin dala kana sayarwa da naira bashi. Kada ka bar kwantena a kan ruwa wadda ribarta ba za ta iya shanye ninkin fito ba. In ya zama dole, ka rage girman odar ka kasa ta biyu. Kada ka zuba dukan jarinka a kayan da ribarsu ta dogara da haramci ko yafiyar fito, sai ka tambayi ejan ɗinka: wannan a doka yake ko a takardar minista? Ka yi rajistar kasuwancinka, ka mallaki lambar haraji, ka raba asusun shago da na gida, ka riƙa ajiye rasit. Sabuwar dokar ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, amma sai wanda ya iya nuna littafinsa zai ci moriyar yafiyar. Wancan abokin hulɗar tawa mai kwantenar dala 20,000 ya fanshi kayansa daga ƙarshe, bayan ya sayar da wani fili da yake da shi a hanyar Haɗeja. Yanzu duk odar da zai yi, sai ya sa na buga masa lissafin sau biyu, ɗaya a farashin dalar ranar, ɗaya a kan ninkinsa.